Giya Ɗaya, Lana

Wannan watan mahaifina, Malam Ishaya, ya cika shekara bakwai da barin duniya. Mutanen Sabon Gari ba su cika kiran sa da sunansa ba, Mai Lana suke ce masa, domin ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa yana koya wa mutane tuƙi a cikin wata tsohuwar mota mai jan harafin lana, wato mai koyon tuƙi, gaba da baya. Duk shekara dangi kan taru a gidanmu da ke bayan mahaɗar PZ, a yi addu'a, a ci shinkafa, sannan ƙanensa ya miƙe ya yi jawabi a kan riƙon amana. Ni kuwa in zauna kusa da Mama ina kallon bakinsa. Bana na gaji da haɗiyewa, na ce zan rubuta. Abin da zan rubuta kuma labarin kare ne. Wanda yake ganin kare bai kai a ɓata masa shafin jarida ba yana iya buɗe gaba, ba zan ji haushi ba.

Idon Mama Rahila ne mafarin maganar. Hawan jinin ido ya riƙa cin ganinta a hankali, har ya zama iyakarta ta bambance rana da inuwa. Ga shi ita mace ce da ƙafarta ba ta san zama ba. Sujadar Lahadi, zumuntar mata, dubiyar marar lafiya, cefane, duk da ita, kuma duk suna ƙetaren babban titi. Ni kaɗai suka haifa, ina Samaru ina koyarwa a firamare, ga miji ga 'ya'ya. Saboda haka Baba ne ya zama idonta. Abin da ba mu sani ba a lokacin, likita ya riga ya gaya masa wata magana a kan zuciyarsa, shi kuma ya ninke ta ya sa a aljihu bai gaya wa kowa ba.

Wata rana ya dawo gida da ɗan kwikwiyo a cikin kwalin taliya. Ba irin karnukan Turawa ba ne, kare ne na gida, ja, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Mama ta shafa shi ta ce, "Baban Saratu, da tsufanka za ka fara kiwon kare? Me za mu ba shi, mu da muke lallaɓa tukunya?" Ya ce, "Ɗalibi na samu. Tun da na ajiye mota hannuna ke ƙaiƙayi." Ya yanko gwangwanin madara, ya zana jan harafin nan na masu koyon tuƙi, ya rataya masa a wuya, ya raɗa masa suna Lana. Mun sha dariya. Mun ɗauka zaman banza ne ya ishi tsoho.

Yadda ya koya wa mutane mota, haka ya koya wa Lana titi. Bai ma fara da titin ba. A tsakar gida suka fara, daga bakin rijiya zuwa zaure, igiya a hannunsa, ƙuli-ƙuli a aljihu. Da Lana ya ja igiya sai Baba ya tsaya cak, ba tsawa, ba duka, har sai karen ya gaji ya waiwayo, igiyar ta yi sako-sako, sannan a ci gaba. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba sai ta cinye musu safiya guda. Na taɓa ce masa ya ɗan zane shi mana, ai zai fi saurin ganewa. Ya yi mini irin kallon da yake yi wa wanda ya taka totur a madadin birki, ya ce duk wanda aka koya wa tuƙi da tsawa, ranar da aka danna masa hon a baya kwata zai faɗa.

Daga tsakar gida aka fita lungu, daga lungu zuwa layin masu injin niƙa don ya saba da ƙara, daga nan wajen masu gyaran janareta. Ya koya masa tsayawa a bakin kowace kwata da murfinta ya karye, kuma wanda ya san Sabon Gari ya san ba kaɗan ba ne. Ya yi ta bi da shi ta gaban mai tsire har sai da ya iya wuce ƙashi a ƙasa bai sunkuya ba. Wannan darasin ya fi kowanne ba su wahala, don Lana makwaɗaici ne na gaske. In za su fita da rana, sai Baba ya ɗora bayan hannunsa a kan kwalta, in ta ƙona shi a fasa fitar. Akwai kuma kiliya, wato yadda direba ke raɓewa gefen hanya ya tsaya. In Baba ya hango maƙwabcinmu Musulmi ya yi alwala zai tafi masallaci, sai ya ce, "Lana, kiliya," karen ya raɓe jikin bango ya zauna har mutumin ya wuce, ko gefen rigarsa bai shinshina ba. Da wannan ya saya wa karensa zaman lafiya a unguwa. Mutanen da a da suke canza hanya in sun ga kare, sai ga su suna tsayawa su gaida Baba, su tambayi lafiyar ɗalibi.

Babban darasin shi ne na bakin titi. A ƙofar gida ko a bakin kwalta, Lana zai zauna, kuma ba zai ɗaga ba sai ya ji kalma biyu: giya ɗaya. A wajen Baba maganar a fili take, mota ba ta tashi sai an sa ta a giya ta ɗaya. Ya manta cewa a Sabon Gari yake, inda kusan kowane layi akwai gidan da in ka faɗi haka za a kawo maka kwalba mai sanyi. Ba a daɗe ba labari ya kai majami'a, wai dattijon ikilisiya guda yana tsayawa a bakin titi da sanyin safiya yana odar giya da babbar murya. Aka kira shi gaban dattawa. Bai yi dogon bayani ba. Ya tafi da Lana, ya zaunar da shi a ƙofar ofishin fasto, ya faɗi kalmar, kare ya miƙe ya shiga. An ce fasto ya yi dariya har da share hawaye, amma duk da haka ya roƙe shi ya riƙa rage murya.

Masu zaman gidajen giya kuwa suka samu abin wasa. Da sun hango su a ƙetare sai su ɗaga kwalba su ce, "Lana, giya ɗaya." Wata rana karen ya zabura zai faɗa titi, da ƙyar mai babur ya kauce masa. Ranar Baba bai iya cin abinci ba. Washegari ya koma wajen mutanen nan da kansa, ya roƙe su su ci gaba da kiran. Suna kira, shi yana riƙe da igiya, yana ba Lana ƙuli-ƙuli duk lokacin da ya yi kunnen uwar shegu da su. Har aka kai ga cewa ko duk Sabon Gari za ta taru ta faɗi kalmar, Lana ba zai motsa ba sai daga muryar da Baba ya gabatar masa.

Muryoyin nan uku ne, ban da tasa. Baba ya ce lasin yake bayarwa, kuma ba ya bayarwa sai an ci jarrabawa. Mama ce ta fara samu, bayan ta daɗe tana riƙe da igiya, shi yana biye da su a baya ya goya hannu. Ranar da na gan su a haka na gane abin da tsohon nan yake shiryawa, na shiga ɗaki na sha kukana. Ni ce ta biyu. Na uku shi ne Baba Bitrus, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Baba ya riƙe tun yana ƙarami, ya koya masa mota, ya yi masa aure. Ina tsaye a zaure ranar da ya danƙa masa igiyar. Ya ce, "Bitrus, Saratu tana Samaru, kai ne a kusa. In ba na nan, Rahila ta kwanta ciwo, kai za ka riƙa fita da shi kada ya manta hanya." Baba Bitrus ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Yaya, ko bayan ranka ba za ka ji kunya ba."

Baba ya rasu da damina, a kan kujerarsa, jim kaɗan bayan sun dawo daga zagayen safe. Da aka share makoki kowa ya watse, sai Mama ta ɗaura ɗankwalinta na zumunta, ta laluba ƙusar da ke bayan ƙofa ta ɗauko igiya. Na bi su daga nesa. Na ga Lana ya zauna a bakin titi. Na ga Mama ta karkata kai tana sauraron motoci yadda Baba ya koya mata, sai leɓenta ya motsa, suka ƙetare. Masu shaguna suka bi su da kallo, wani har da cire hula. A watannin da suka biyo baya babu inda Mama ba ta je ba, har ƙiba ta yi. Takan ce mini in tana riƙe da igiyar nan ji take kamar hannun rigarsa ta kama.

Ashe abin da yake faranta mana rai, wasu ƙona su yake yi. Magana ta fara yawo a dangi, wai matar Ishaya ta zama abin kallo, kare ke mata jagora kamar wadda ba ta da kowa. Baba Bitrus ya same ni har makaranta a Samaru. Ya ce, "Saratu, ana zagin mu a gari. Ana cewa mun bar matar yayana wa kare. Ni da raina, da motana?" Na ce masa Baba ne ya shirya haka da hannunsa, kuma Mama ba ta kai kuka wajen kowa ba. Ya ce, "Yaya ya tafi. Mu da muka rage mu ke jin kunyan." Na ɗauka maganar ta ƙare a nan.

Wata rana da tsakar rana, Mama na kwance tana fama da zazzaɓi, Lana ya ɓace. Aka zagaya unguwa, aka leƙa kwatoci, aka tambayi masu shara. Baba Bitrus ya fi kowa zafin nema, har da ba da sanarwa a majami'a. A gaban dangi ya ce kare dai kare ne, wataƙila karya ya gani ya bi. Ni kuwa na san inda ƙaryar take, domin idona yana kan ƙusar bayan ƙofa. Igiyar ba ta nan. Ban taɓa jin karen da zai gudu ya tsaya ya sauko da igiyarsa ba.

Sande mai faci, wanda rumfarsa ke kallon mahaɗar PZ, shi ya ƙarasa mini. Bai ma san muhimmancin abin da yake faɗa ba, yana duba taya a cikin ruwa ya ce, "Anti, ai ni na ga Lana ranan. Ya zauna a bakin titi kaman kullum, ya tashi kaman kullum. Na ce a raina, Mama ba lafiya ke nan, shi ya sa ƙanin Baba ya fito da shi. Sun tari keke, sun yi hanyan Basawa." Ko da bai ambaci kowa ba, lissafin ba shi da wuya. Mama na kwance, ni ina aji. Murya ɗaya ce ta rage a duniya da za ta iya ɗaga Lana daga bakin titi.

Kowa ya san akwai masu sayen kare don gadi a wajen Basawa, kowa kuma ya san akwai rumfunan da kare ke shiga ba ya fitowa. Na je, na zagaya, na yi tambaya har aka fara yi mini kallon mai taɓin hankali. Ban gan shi ba, kuma har yau ban san wanne ne ya same shi ba. Na tunkari Baba Bitrus a gaban manya, ya ce Allah ne shaidarsa. Sai aka juyo kaina, wai ni 'yar cikinsa zan tozarta uba a kan dabba. Aka ce in durƙusa in ba shi haƙuri. Na waiwayi Mama ko za ta sa baki, ta ce, "Durƙusa, Saratu." Na durƙusa, amma gwiwata ce kawai ta yi.

A wannan zaman ya yi alkawarin zai riƙa zuwa da mota duk Lahadi ya kai Mama sujada. Ya zo, ba zan hana masa ba, na ɗan lokaci. Sai mota ta lalace, sai mai ya yi tsada, sai taron dattawa, domin kujerar Baba a ikilisiya shi aka ba. Na samo wani kwikwiyon na gwada, amma ba ni da haƙurin Baba, ba ni da safiyarsa, Mama ma ta ce in bari. Na yi na yi ta dawo wajena Samaru, ta ce ba za ta bar ɗakin mijinta ba, a nan ta san inda kowane abu yake. Yau ba ta wuce dakalin ƙofar gida sai ranar da na samu zuwa. Matan zumunta sukan zo su yi mata waƙa su tafi. Ƙafafun da suka san kowane lungu na Sabon Gari yanzu kumbura suke yi saboda zama.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da zai leƙo garin yau. Titin ya fi da cika, keke da babur ba a magana, direba hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya. A Samaru ɗalibai sun shiga yayin karnukan waje, manya-manya masu gashi. Sai ka ga kare yana jan saurayi, shi yana tirjewa yana lallashin sa da Turanci, mutane suna watsewa. Da Baba na nan da ya tsayar da shi ya tambaye shi wa ya ba shi lasin. Wannan kam na san amsarsa. Wadda ban sani ba ita ce me zai ce da ƙanensa. Baba yakan yi alfahari cewa yana gane direban banza tun daga yadda ya kama sitiyari. Ya ga yadda Bitrus ya kama igiya da hannu biyu, bai gane komai ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai, har nakan ji haushin Baban kansa a cikin kabarinsa.

Watan jiya na sauka a PZ zan shiga gida, sai na hango wani tsoho a bakin titi, ya sa ƙafa ya janye, ya sa ƙafa ya janye. Baba Bitrus ne. Motar ta daɗe da mutuwa, ƙafa ta yi nauyi, ido ma ya fara hazo. Ba zan ɓoye ba, na tsaya na ɗan kalle shi, kuma kallon ya yi mini daɗi. Amma 'yar Mai Lana ba ta barin mutum a bakin titi. Na je na kama hannunsa, na jira motoci suka tsagaita, na ce, "Giya ɗaya, Baba."

Ya ƙanƙame hannuna. Muka ƙetare. Sai da muka hau ɗaya gefen, bai sake ni ba, bai kuma kalle ni ba, ya ce, "Har muka kai, bai ja igiyan ba. Ko sau ɗaya." Na jira ya ƙara wani abu, ya gaya mini inda suka kai, ko ya ce in yafe masa. Sai ya saki hannuna ya ce in gaida Mama.

Na shiga gida, na zauna a bakin gadonta. Na ce, "Mama, yau ya faɗa da bakinsa. Kin ga ba sharri na yi masa ba." Sai ta ce, "Saratu, ido ne ba ni da shi, kunnena ƙalau yake. Ina kwance na ji an taɓa ƙusa. Na ji muryarsa a zaure ya faɗi kalmar. Har na ce a raina, Allah ya yi wa Bitrus albarka, ya tuna da maganar yayansa." Na tambaye ta, to don me ta bar ni na durƙusa a gaban mutane? Ta ce, "In na faɗa, me za a ce? A ce Baban Saratu ya san kare, bai san mutum ba. Ban so a faɗi haka a kansa ba."

Na san rubutun nan ya fasa shirun da ta riƙe duk shekarun nan, shi ya sa na karanta mata shi kafin in aika. Ba ta hana ni ba. Ta dai ce in ƙara abu ɗaya, cewa Baba bai yi kuskure ba, ya ba ɗan'uwansa abin da ake ba ɗan'uwa ne. Na ƙara, kuma tun daga ranar na daina jin haushinsa. Na ƙanensa kuwa yana nan. Ban yafe ba tukuna, ba kuma zan yi wa masu karatu ƙaryar na yafe ba.

In aka tambaye ni me ya rage na Malam Ishaya bayan shekara bakwai, ba zan ce amana ba, wannan kalmar na bar wa mai jawabi. Akwai direbobi a garin nan da har yau suke taka birki in sun ga tsoho a bakin titi, wasunsu a hannunsa suka koya. Ƙusar nan tana bayan ƙofa, Mama ta hana a rataya mata komai. Ranar Asabar dangi za su taru, Baba Bitrus zai miƙe ya yi jawabinsa, Mama ta ce amin a inda ake cewa amin. Ranar Lahadi kuma zan zo da wuri in kai ta sujada. A bakin titi za ta tsaya, ta karkata kai tana sauraron motoci, ni mai ido in jira. Ita ce ta fara samun lasin. Ba na ɗaga ƙafa sai na ji ta ce giya ɗaya.